Ranar da Na Canza wa Yayana Fim

Akwai ranar kasuwar Attantane guda ɗaya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na tona asirin yayana da hannuna. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Sana'arsa gidan kallo ce, rumfar zana a bayan kasuwa, da tele ɗaya da batirin sola da ƴan bencina. Amma bakinsa ne ke tara mutane. Yakan rage muryar Turawan, ya ɗauki makirfo ya riƙa ba da labarin da Hausa. Fim ɗin da ya yi suna a kansa shi ne na ƙattin ƙarfen nan, waɗanda za ka ga mota tana tafiya, kafin ka ƙifta ido ta miƙe tsaye da hannu da ƙafa, ta fi kuka tsawo. Makiyaya daga wajen Issawane sukan sayar da awakinsu, su wuce kai tsaye rumfarsa.

Abin da ban sani ba, idanunsa sun kusa shekara biyu da mutuwa. A buɗe suke tar, amma inuwa kawai yake gani. Tsofaffin finafinan ya riga ya haddace su, da jin kiɗa ko ƙarar ƙarfe ya san inda aka kai. Daga shi sai matarsa suka san zancen, don yana tsoron ba mai biyan kuɗi ya ji makaho yana faɗa masa abin da ke cikin tele.

Ni kuwa ina Tasawa ina gyaran waya, ina ji da kaina, gani nake duk wanda ke ƙauye an bar shi a baya. Duk zuwan da na yi sai na yi masa tsiya.

"Yaya, wai kai ba ka gajiya da tsohon kaya? Mutane hwa sun hardace su."

"Bar ni da abin da na sani," haka yake cewa, ya sako wani zancen.

Sai aka sake fim ɗin daga tushe, da sababbin ƴan wasa da sabon labari. Ina samun sa na hau moto, wato babur, ina ta murna zan ba shi mamaki. Na iso da hantsi, rumfa ta cika. Ya fita alwala, na zare katin da fim ɗinsa ke ciki na sa nawa, na kashe wa ƴan kallo ido.

Kiɗan farko iri ɗaya ne da na tsohon. Ya zauna, ya gyara murya, ya fara da kuzarinsa. A tsohon fim ɗin wani dattijo mai gemu ne ke fara fitowa. A sabon kuwa mace ce, makanikiya.

"Ga tsohon naku nan," in ji shi, "gemu kamar na bunsuru."

Rumfa ta kwashe da dariya. Kowa ya ɗauka barkwanci ne, kuma wallahi tawa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi. Shi ma ya ji daɗi, ya ƙara wuta. Can sai aka nuna babban ƙaton ƙarfen an kayar da shi, an tsinke masa hannu, matar tana kuka a kansa. Yayana kuwa yana ta yi masa kirari, wai ga shi tsaye ya gama da abokan gaba.

Dariyar ta fara raguwa. Na dube shi da kyau, sai na ga fuskarsa ba ta ma daidai da telen, ta ɗan karkata wajen lasifika. Na so in tashi in kashe, amma na makara.

Wani dattijon makiyayi da ke bencin gaba ya matso, ya ɗaga hannu a hankali a gaban fuskarsa. Yayana bai ƙifta ba.

"Allah sarki," in ji dattijon. "Bawan Allah wanga ba shi gani."

Ya ajiye makirfo a cinyarsa.

"Wa ya canza mani kati?"

"Ni ne, Yaya."

Na so ya zage ni, ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya miƙo hannu ya ce, "To taho ka kai ni gida."

Haka muka ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka, ina jan mutumin da ya yi shekara biyu yana ƙirga taku don kada kowa ya riƙe masa hannu. Masu gero da masu wake suka bar ciniki suna kallonmu. Muna shiga gida matarsa ta gan mu, ta zauna a bakin turmi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kullum kana zuwa kana yi mashi dariya," ta ce. "Ko sau guda ba ka tambaye shi mi ya sa ba."

Na kai shi wajen likitoci a Maradi, suka ce an makara, jijiyar ta riga ta mutu. Mutane sun yi ta roƙon ya koma rumfa ko tsofaffin ne ya ci gaba da yi, ya ƙi. Ya ce da don daɗi ake zuwa, yanzu kuwa don tausayi za a zo. Bai sake ɗaukar makirfo ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda. Ni ne dai na kasa yafe wa kaina. Abin da na koya shi ne, in ka ga naka ya kafe a kan abu ya ƙi sakewa, kada ka yi saurin kiran sa ɗan ƙauye. Ja shi gefe, ku biyu kawai, ka tambaye shi lafiya. Wataƙila abin nan da kake so ka raba shi da shi, shi kaɗai ya rage masa.