Akurkin Gwaggo Saude

Na Allah ne mu, kuma duk daɗewa wurinSa za mu koma. Ranar Litinin, 14 ga watan Yulin 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Saude ta Ƙafin Maiyaki, yayar mahaifina, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Ina cikin aji a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada labarin ya same ni. Kafin in iso an riga an kai ta makwancinta. Takalmanta na tarar a ƙofar ɗaki, da ƙwaryar tsabar kajinta a kan turmi.

Gwaggo, Allah bai bar miki ɗa ko ɗaya ba, duk waɗanda kika haifa tun suna goye suka koma. Amma ranar nan babu gidan da ba a yi kukan rashin uwa ba a unguwarmu.

Duk wanda ya tashi a gabanki ya san ba a samun kuɗin alewa a hannunki. Yaro zai zo gaisuwa, ya gama, ya tsaya yana murza ƙafa a ƙasa, sai ki ce, “Buɗe bakinka in gani.” In haƙora suna nan cif, ki damƙa masa gyaɗa ki sallame shi. In kuwa ya fara famfara, kin ga giɓi, sai ki ce hankali ya zo. Ki shiga akurki ki kamo sagara, budurwar kaza wake-wake, ki ɗora masa a hannu. Sharaɗinki ɗaya ne: in ta ƙyanƙyashe, ya raini mace ɗaya cikin ’ya’yan farko ya dawo miki da ita saboda yaron da ke tafe. Sauran duk nasa ne, uwa ba ta taɓawa, uba ba ya taɓawa. Kin sha ɗaukar mayafi ki je har zaure ki wanke magidanci tas don ya yanka wa baƙonsa kazar yaro.

Ni tawa ƙyanƙyasar farko shirwa ce ta kwashe ta. Na zo miki ina kuka, ina sa ran yau dai za ki kwance bakin zane. Kika bar ni na yi mai isata, sannan kika jiƙa galura kika nuna mini yadda ake rina ’yan tsaki don shirwa ta kasa gane su, da yadda ake kifa tsohuwar tukunya a tara musu gara. Na tafi ina gunaguni. Shekarar da Baba ya kwanta ciwo damina guda, da zakarun kazar nan na ɗinka kayan makaranta, ban zauna a gida ba kamar yadda aka so a yi. Mujitaba kuwa, ɗan maƙwabtanmu, kazarsa ta zama akuya, akuya ta zama tumaki, tumakin suka tallafa masa ya sayi babur. A kan babur ɗin ya je ya ɗauko ni ranar rasuwarki. Yana tuƙi yana goge ido da hannun riga har muka iso.

Bara bayan kaka na kawo miki ’yata Husna da giɓinta. Mahaifinta, Lawal, mutum ne da ba ya iya ganin ta fita makaranta ba kuɗin tara, ko da ta ci ta ƙoshi. Ya yi dariya ya ce ai zamani ya wuce kiwon kaza. Ba ki yi fushi ba. Cewa kika yi, “Lawal, na yau kana ba ta, Allah Ya saka. Ranar da ba ka nan fa?” A lokacin wasan surukai muka ɗauki maganar. Husna ta raini kazarta, ta ware sagarar da za ta mayar miki, tana jiran a ba da hutu ta kawo da hannunta. Hutun bai riske ki ba.

Abin da ya fi ci mini rai ranar sadakar uku ya faru. Baƙi sun cika gida, dangin mijinki Malam Inuwa sun zo daga Doguwa, su kuwa ba su san labarin akurkinki ba. Ganin jama’a ta yi yawa, suka tambaye shi ko a kama kajin. Ya gyaɗa kai, kuma na tabbata bai ji abin da aka ce ba, don tun da aka fita da ke ba ya cikin hayyacinsa. Kafin mu ankara an yanke su duka, har da sagarun da yara suka dawo miki da su bana, masu jiran sababbin masu famfara. Ban ga laifin kowa ba, alheri suka nufa. Amma ni ban taɓa abincin ranar ba.

Washegari sai ga Ramla, marainiyar nan jikar maƙwabciyarki Kaltume. Tun Babbar Salla haƙorinta ke girgiɗi, kullum tana zuwa ki taɓa ki ce, “Ya kusa, taki tana nan.” Ashe a daren ya fita. Ta shigo da shi a dunƙule cikin hannu, ta ratsa matan da ke zaman makoki, ta wuce kai tsaye bakin akurki ta leƙa. Gashin kaji kawai ta gani. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dubi kakarta ta ce, “Kaka, Gwaggo ta tafi da su ne?” Matan da suka daure tun ranar Litinin a nan suka fashe.

Da na koma Tudun Wada na ba da labarin, Husna tana gefe tana ji. Ta ce, “Umma, ai ta wurina tana nan.” Ranar bakwai muka sa sagarar a kwando, Mujitaba ya kai mu. Husna ta ɗora wa Ramla ita a hannu, ta maimaita mata sharaɗinki ba ragi, har da ɗaga yatsa irin naki. Ramla ta rungume kazar, sannan ta ce, “To in ta ƙyanƙyashe, wa zan kawo wa?”

Gwaggo, mu manya muna tsaye reras, kowa da uzurinsa. Ni aikina yana wani gari, Mujitaba kullum yana kan hanya. Can sai Malam Inuwa, wanda kwana da kwanaki ba a ji muryarsa ba sai amsa gaisuwa, ya ɗago daga kan buzunsa ya ce, “Nan za ki kawo, ’yar nan. Zan share akurkin.” Idonsa ya yi rauni, ban san ko zai iya gane giɓi a bakin yaro ba. Amma ya share shi, na gani da idona.

Ya Allah, ga baiwarKa Saude ta zo gare Ka. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haɗa ta da ’ya’yanta da suka riga ta. Duk yaron da ya ci guminsa ta dalilinta, Ka sa ladan a mizaninta. Ina miƙa ta’aziyya ga Malam Inuwa, da mahaifina da ya rasa yaya, da surukanmu na Doguwa, da duk wanda ya taɓa buɗe mata baki ta duba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Jiya Kaltume ta aiko mini cewa sagarar Ramla ta fara ƙwai. Na ɗauki waya da sauri don in gaya miki, Gwaggo, sannan na tuna.

Bushra Aminu,
Tudun Wada.