Kuɗin Ruwan da Ya Mayar da Baba Sahun Baya

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da ma'aikacin haraji ya zo injin casar shinkafar mahaifina a Kura. Har yau in na ji an ce "kuɗin ruwa", sai gabana ya faɗi.

Baba mutum ne marar hayaniya. Ban da injinsa, shi ne na'ibin limamin unguwarmu. Shi kuma manoma suka ɗora wa karɓar kuɗin ruwan da ake sako wa gonaki daga kanal lokacin rani, don sun san ba ya taɓa na kowa.

Ma'aikacin nan saurayi ne daga birni, mai ladabi, ba zan yi masa sharri ba. Ya tarar da wurin cike da 'yan sarin shinkafa daga Madobi da Dawakin Kudu, inji yana ta ruri. Ya tambayi Baba 'ya'yansa da ke karatu da tsofaffin da yake riƙe da su, ya ce a kan irinsu ake duba rangwame. Sannan ya ce, "Baba, kana karɓar kuɗin ruwa?" Shi nufinsa ribar da banki ke ɗorawa kan ajiya.

Saboda ƙarar inji, Baba ya ɗaga murya. "Ƙwarai kuwa! Shekara da shekaru ni ke karɓa. Wanda ya ƙi biya ma har gida nake binsa."

Ina wurin. Ba a jima ba suka fahimci juna, har suka yi dariya. Amma wasu 'yan sarin sun riga sun ɗaure buhunansu, sun tafi da rabin zance.

Kafin Juma'a magana ta zagayo gari: wai na'ibi riba yake ci, ya amsa da bakinsa a gaban hukuma. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da mutanen da suke miƙa masa kuɗin kanal da hannunsu. Sai ka ji suna cewa, "To, wa ya sani ko akwai wani kuɗin ruwan bayan wanda muka sani?" Haba jama'a!

Ranar Juma'ar nan liman ya yi tafiya. Aka tayar da iƙamar La'asar, Baba ya taka zai shiga gaba kamar yadda ya saba in liman ba ya nan. Sai wani dattijo ya riƙe masa hannun riga, ya ce a hankali, "Malam, yau dai a bar wani ya ja mu." Baba ya dubi ƙasa, ya ratsa sahu ya koma can baya wajen takalma. Wallahi ban san me na karanta a sallar nan ba.

Ni ba ni da haƙurin Baba. Na shiga birni na nemo saurayin nan, na ce sai ya zo ya wanke ubana. Allah Ya saka masa, ya zo, ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi bayani dalla-dalla. Nan fa aka hau salati, kowa yana "Malam, a yafe mana." Dattijon nan har da hawaye.

Baba ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ne. Amma bai sake jan salla ba. Na taɓa ce masa, "Baba, ai komai ya wuce." Ya ce, "Ya wuce, ɗana. Ƙafar ce in na ɗaga ta sai ta ƙi." A sahun bayan nan ya ci gaba da salla har Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya ke nan: ana iya wanke mutum a bainar jama'a, amma ba a iya mayar masa da abin da aka karya a cikinsa. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini zancen wani, sai na tsayar da shi na tambaya. Da a ranar nan mutum ɗaya tak ya ce "wane ruwan?", da Baba ya rasu yana gaban sahu.