Babur ɗin da aka ba ni a talabijin

Zan iya manta ranar da na bar makaranta, don dama ni da ita ba shiri muke ba. Amma babur ɗin da aka ba ni a talabijin, shi kam har in mutu yana raina.

Lokacin ni da yayana muke kai wake kasuwar Batsari daga ƙauyenmu, can wajen Wagini. Shi ke noma, ni ke surutu. Sai in hau jaki ta baya, fuskata wajen wutsiya, ina tsokanar masu saye: "Alhaji, wanga wake ko ƙwaro sai ya yi sallama kafin ya shige shi!" Wani mai cajin waya ya ɗauke ni bidiyo ya saka a intanet. Aka yi ta dariya, shi ke nan. Sai da wani babban gidan talabijin ya ɗauka ya manna tambarinsa a kai, sannan na zama mutum. Masu ce mani shashasha suka koma ce mani ɗan gari.

Ba a jima ba sai ga 'yan talabijin ɗin da mota, tare da wasu masu kamfanin maganin feshi. Suka sa mani riga da hula, suka sauko da sabon babur yana ƙyalli, ledarsa ma ba a cire ba. Wata mai gilashi ta ce in hau in ɗaga makulli, in ce maganinsu ya canza rayuwata. Na ce, "Hajiya, mu ko feshi ba mu yi, da fartanya muke fama." Ta ce, "Kai dai faɗi." Na faɗa, har da rawar kafaɗa. Ana kashe kyamara suka maida babur mota, wai sai an gama takardu.

Bidiyon ya fita, ya fi na farko yawo. Duk wanda na ce wa ba a ba ni komai ba sai ya yi murmushi. Har kawuna ya ce, "Ɗana, gidan talabijin kamar wannan zai yi ƙarya? Ɓoye abinka dai, zamani ne." A lokacin dariya abin ya ba ni. Ban yi tunanin cikin daji ma akwai waya ba.

Ana roron wake, da hantsi, mutanen daji suka ɗauke Yaya a gona. Da suka kira, ni suka nema.

"Kai ne mai jaki?"

Na ce ni ne.

"To ka kawo babur ɗin nan, ka ɗauki ɗan'uwanka."

Na rantse, na yi kuka, na ce talla ce kawai. Mutumin ya ce, "Da idona na gani, har tambari. Mu za ka yi wa wasa?" Sai na jiyo ihun Yaya.

Na kira mai gilashi. Ta ce Allah ya kyauta, ai babur ɗin na ɗaukar hoto ne, kuma an ba ni riga da hula. Daga nan ba ta sake ɗagawa ba.

Inna ta ce a saida shanun huɗa. Ba su isa ba, aka haɗa da gonar. Kafin mu samu mai saye an daɗe, don kowa cewa yake ai muna da babur a ɓoye, ba da gaske muke saidawa ba. Muka sayi irinsa sak, ni na tuƙa shi har bakin daji ta wajen Safana. Suka miƙo mani Yaya, ba ya iya tsayuwa, sarƙa ta cinye ƙafarsa ta dama. Goya shi na yi. A hanya ya ce, "Kai, yi mani surutunka mana, shirun ya ishe ni." Na gyara goyon, na ci gaba da tafiya.

A asibiti a Katsina aka yanke ƙafar. Manomin gidanmu yanzu a zaure yake yini, ni nake ƙwadago a gonar da ta kasance tamu.

Abin da na koya ke nan: in manya suka zo da kyamara, kasuwarsu suka zo ci, kuma kafin la'asar sun koma inda suka fito. Kai da ke kwana a ƙauye, kafin ka washe baki, ka tuna har da wa zai kalla.