Gwaggo Agripina da Gishirin Kwana Talatin

Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, kogin Ukayali na cike har gindin matakalar gidaje, Allah ya karɓi ran Gwaggo Agripina Tapullima, mai maganin ƙauyenmu San Roke. Shekarunta tamanin da huɗu a littafin coci, saba'in a bakinta. Ni Rosendo, ɗan ƙaninta, mai sana'ar shanya kifi da gishiri, ni ne mutum na ƙarshe a ƙauyen nan da ya yarda ta rasu. An zo har inda nake an gaya min tun tana da sauran numfashi, na ce ƙarya ne. Gwaggo, rabin laifin nan naki ne, kuma yau sai na faɗa a gaban kowa.

Shekara hamsin kina dafa ayawaska, jiƙon itacen daji mai sa amai da wahayi, a tukunyar nan taki mai baƙin gindi. Ki zaunar da marasa lafiya, kowa da bokitin amansa a gabansa, ki busa musu hayaƙin taba a tsakar ka, ki yi ta rera waƙoƙin maganin da kika gada wurin kakanki har hankalinsu ya dawo jikinsu. Ba ki taɓa riƙe cutar da ba taki ba. Wani ɗan kasuwa ya zo daga Pukalpa yana rantsuwa maƙiya sun yi masa jifa a ciki. Kika latsa cikin sau biyu, kika ce, "Ɗana, maƙiyan nan naka tsutsotsi ne, tashi ka je asibiti." Wani Bature ya zo yana son ganin asirin duniya, kika miƙa masa tsintsiya, kika ce ya fara da ganin kashin kajin da ke tsakar gida. Lokacin da ni da matata Zoila muka rasa ɗanmu na fari kuwa, kwana tara kina zuwa ki zauna kusa da ita kina waƙa ƙasa-ƙasa, ba jiƙo ba hayaƙi, har ta karɓi abinci. Wannan ba zan manta ba har in mutu.

Abu ɗaya ne ya tsaya miki a rai: wa zai ɗauki waƙoƙin nan idan kin tafi? 'Yarki Nelida ma'aikaciyar jinya ce a Pukalpa, ta ce allura ta ishe ta. 'Ya'yanki maza suna Lima. Sai kawai kika ce itacen ayawaska ya nuna miki ni. Ni fa! Duk ƙauye aka yi dariya, har da ni a ciki. Kowa ya san waƙar magani ba ta zama a jikin mutum sai ya yi kwana talatin shi kaɗai a bukka cikin daji, yana shan jiƙon saiwar sanango, yana cin dafaffiyar ayaba, ba barkono, ba sukari, ba alade, ba mace, sannan ba gishiri. Wadda ta shigar da shi kuma ita ce za ta fitar da shi, da ɗan gishiri a harshe.

Shigata ta farko kwana huɗu na yi. Kin zo da safe da ayabar, kika tarar ina tsotsar babban yatsana kamar jinjiri. Shekara talatin yatsan nan yana cikin gishiri, wallahi da sauran ɗanɗanonsa. "Buhun Gishiri," kika ce, "tattara komatsanka." Sunan ya bi ni har yau.

Ta biyu na kai kwana sha ɗaya. Kika sa maƙwabcina ya tsaya daga nesa yana ihu wai aladu sun faɗa rumfar kifina. Na zo a guje, ba alade ko ɗaya. To amma tunda na riga na zo, sai na ce bari in ɗan taɓa a baki in ji ko kifin ya kama.

Ta uku ita ce ban yafe miki ba. Kwana ashirin da biyu, haƙarƙarina duk a waje, sai ga Zoila tana kuka wai Gwaggo ta faɗi, tana kiran sunana. Na iso da hawaye da majina, na same ki kwance a raga kina lilo, kina zuƙar taba. Murna ta ruɗa ni, wani ɗan banza ya miƙo min kwanon soyayyen alade da dakakkiyar ayaba, na share shi tas kafin in tuna halin da nake ciki.

Ranar ba ki yi dariya ba. Kika ce, "Ka ji ni da kyau, Rosendo. Mai magani idan ya fara waƙa a kan mutum, ko gidansa ne ke ci da wuta ba ya tashi. In ya yanke ta a tsakiya, ya bar mutum a inda ba mai dawo da shi. Zama nake koya maka. Ko cewa aka yi na mutu, ka zauna."

A tsakiyar Fabrairun bana na shiga ta huɗu. Ƙafafunki sun kumbura, kin rame, kika ce daga wannan ba wata. Na naɗe yatsana da tsumma. Mako biyu ana kawo ki a kwalekwale kullum safe, ki rera, in maimaita, ki ce muryata ko kwaɗo ya fi ta, mu sake daga farko. Daga nan kika daina zuwa, Zoila ke ajiye ayabar a gindin itace ta juya. Na ce lallai ana shirya min wani abu.

Ran kwana na ashirin da takwas da sassafe, sai na ji muryar Nelida daga hayin rafi.

"Yaya Rosendo! Fito, Inna na jin jiki, ba za ta kai rana ba!"

"Sannu da ƙoƙari, Nelida," na ce daga cikin bukka. "Har daga Pukalpa aka ɗauko ki? Kukan ma ya yi kyau."

"Yaya, don girman Allah, da gaske ne!"

"Ki ce mata Buhun Gishiri na gaishe ta. Aladen kuma a ajiye min sai jibi."

Na koma na miƙe ina murmushi, ina jin kaina cikakken namiji. Ko da na jiyo ƙararrawar coci bayan nan, cewa na yi, kai, tsohuwar nan, har da Fada ta haɗa baki!

Daga baya Nelida ta ba ni labari. Ta koma a fusace ta kai miki ƙarata, sai kika fashe da dariya har tari ya sarƙe ki. Sau biyu kika tambaya, "Ya zauna? Da gaske ya zauna?" Kika sa aka kawo gishiri, kika ƙulle shi a ganye, kika busa masa hayaƙi, kika rera masa waƙa da 'yar muryar da ta rage. Kika damƙa mata kika ce, "Jibi, ba gobe ba. In kika ba shi gobe, zan dawo." Ba ki ƙara wata magana ba.

Ran kwana na talatin suka zo, ita da Zoila, cikin baƙaƙen kaya. Ko a lokacin leƙa bayansu nake yi, ina jiran ki fito daga bayan itace da tabarki. Nelida ta kwance ganyen, ta ɗora min a harshe. Na ci gishiri a duniyar nan fiye da kowa a bakin kogin nan, amma wannan na kasa haɗiye shi.

Gwaggo, ina kewarki, ina jin haushinki, kuma ina jin kunya. Ban riƙe hannunki ba, ban sa kafaɗa a akwatinki ba. Amma waƙoƙin sun zauna. Shekaranjiya aka kawo min wani masunci da kwalekwalensa ya kife, tun ranar bai runtsa ba. Na rera masa daga farko har ƙarshe, ko kalma ɗaya ba ta ɓace min ba, ya yi barci har da minshari.

Allah ya jiƙanki, Gwaggo Agripina. Ya yafe miki kurakuranki, ya saka miki da alheri a kan kowane mutum da ya shigo ɗakinki a ɗauke ya fita da ƙafarsa, ya ba ki hutu a wurinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki da ke Lima, da jikokinki, da dukan mutanen San Roke. Ke kuma Nelida, ƙanwata, kin zo min da gaskiya na mayar da ke da dariya. Gwaggo ta tafi da murnar ta samu magaji, ke kuwa kin binne mahaifiya ba yayanki a gefenki. Ki yafe min. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, amin.