Kunnen Labaran Makanike

A shekarar 1978, duk direban tasi mai jigila tsakanin Daɗin Kowa da cikin garin Jos ya san rumfar Labaran makanike a unguwar Ali Kazaure. Labaran ya shekara goma sha bakwai yana kula da injinan janye ruwa a ramukan kuza na Naraguta kafin ya koma gyaran mota, kuma can ya koyi sauraro. Ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce a tada inji, ya karkata kai, ya faɗi ciwon. Da kunnen nan ya rufa wa gidansa asiri.

Akwai wani ɗan bawul, bai wuce babban yatsa ba, mai zuƙe tururin da ke taruwa cikin inji. Sanyin Jos da gajeren zango kan sa dauɗar mai ta toshe shi, daga nan baƙin mai ya riƙa tsattsafowa ta ko'ina. Gwajinsa ɗaya ne: a cire, a girgiza kusa da kunne. In ya yi ƙas-ƙas, yana da rai.

To, tun farkon damina Labaran ya lura kiran sallar azahar yana iso masa kamar daga bayan dutse. Matarsa Tabawa kaɗai ta sani. Makaniken da ya kurumce, wa zai kawo masa mota?

Wata Talata da hantsi, ana yayyafi, Ambrose direba ya turo tasinsa tana ɗigar mai.

"Oga Labaran, mota ya gama mutuwa! Sun ce sai a sauke inji."

"Su wa? Masu sauke inji don sun ji tari? Buɗe mini gaba."

Labaran ya zare bawul ɗin, ya girgiza. Shiru. Ya buɗe baki zai ce ya toshe, sai ya tsaya. Bawul ne ya yi shiru, ko kunne? Ya ɗauko sabo daga gwangwanin madara inda yake ajiyarsu, ya girgiza. Shi ma shiru.

Yana iya sa sabon ya yi gum, ba mai ganewa. Amma gobe fa? Ya miƙa wa Ambrose duka biyun.

"Girgiza. Wanne ke magana?"

"Wannan sabo yana ƙas-ƙas. Tsoho ko uffan. Kai ba ka ji ba, Oga?"

"Ban ji ba, Ambrose. Injinan kuza sun biyo ni har gida."

Ambrose ya mayar masa da sabon, ya dunƙule masa yatsu a kai.

"Ni in taya ya fara ciwo, a sitiyari nake ji, ba a kunne ba. Sake yi."

Labaran ya rufe ido, ya girgiza a hankali. Can ya ji wani ɗan bugu a tafinsa, kamar tsuntsu cikin ƙwai. Ya gwada tsohon: ba motsi, kamar tsakuwa.

Ya ɗaura sabon, ya wanke tiyon da ke haɗe da shi da kananzir, aka tada inji. Maimakon ya karkata kai, sai ya shimfiɗa tafin hannu bisa murfin injin.

"Je ka Bukuru ka dawo. Kuma ka faɗa musu a tasha su riƙa ɗaga murya in sun zo."

"Direbobi? Dama ihu ne aikinmu, Oga."