'Yar Inuwa da mangwaron lambun Baba

Kun taɓa ganin abin da ganyen na'a-na'a yake yi in aka ɗauke shi daga inuwa aka dire a tsakiyar rana farat ɗaya? Zubewa yake yi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. To ku riƙe wannan a ranku. Labarin wata mata ce a wani lambun sayar da shuka na bakin titi, kowa 'Yar Inuwa yake ce mata har sunanta na gaskiya ya ɓace.

Zabiya ce, haka Allah ya yi ta, fatarta ba ta shiri da rana, idonta ma in haske ya yi yawa sai ta dinga runtsewa. Babanta shi ne mai lambun, kuma mutum ne da komai sai ya jera shi layi-layi. Can gaba bakin titi 'yan rana ne, furannin ado da dashen lemo da gwaiba da gwanda. Gefen tankin ruwa masu shegen shan ruwa, su ayaba da rake. Jikin waya na shinge, lalle da masu ƙaya, waɗanda ko ka manta da su ba sa fushi. Sai ƙarƙashin wani ƙaton mangwaro, nan 'yan inuwa suke, citta, kurkur, na'a-na'a, da masu faɗin ganyen nan da ake ajewa a falo. Bayan tanki kuma akwai wani lungu mai guntun rufin kwano, duk shukar da ta ƙi nan ake jefa ta. Baba yana ce wa wurin asibiti amma ko ruwa ba a kai musu.

Yaransa ma haka ya jera su. Yayanta namiji ɗan rana ne, shi aka sa a makaranta, shi ake aika kasuwa. Ita kuwa tun tana rarrafe ya dire ta a gindin mangwaro ya ce ke nan ne layinki. Nan ta girma, nan aka zo aka gaya mata rasuwar mamarta, nan ta zama babbar mace. Aikinta ta kwaɓa ƙasa da taki da yashi ta cika baƙaƙen ledoji, ta ɓalla citta ido-ido ta binne, ta raba saiwar na'a-na'a. Da yake ba ta gani sosai, ɗaga tukunya take yi, in ta ji ba nauyi ta san tana jin ƙishi. Matan unguwa suna zuwa sayen ganyen shayi su zauna hira, wata ta ce, "'Yar Inuwa, ki ba ni shukar da ba ta mutuwa, hannuna ba kyau." Ta ce, "Ɗauki ta roba a shago, Hajiya, ita ma ki dinga yi mata addu'a." A yi ta dariya. Rayuwarta kenan fa gaba ɗaya, iyakar inda inuwar bishiyar nan ta kai.

Sai shagon da Yaya ya buɗe a kasuwa ya rushe, shi kuma ya dawo lambu. Baba ya tsufa, yini yake a kan benci da sandarsa. Yaya ya zagaya ya zagaya ya tsaya yana kallon mangwaron.

"Baba, bishiyar nan ita ta cinye mana rabin fili. Masu mota furanni suke tsayawa saye. Ga shi ko 'ya'yan kirki ta daina yi. A sare ta."

'Yar Inuwa tana tsugune tana cika leda, sai hannunta ya tsaya cak.

"Yaya, in an sare ni ina zan zauna?"

"Ki sa malafa mana, Baturiya. Ko narkewa za ki yi?"

Ta rarrafa gaban bencin Baba. Ta san dokar Baba, shi ya koya mata da bakinsa tun tana ƙarama, ba a fitar da shukar inuwa rana lokaci ɗaya, hantsi kaɗan ake nuna mata a mayar, gobe a ƙara, har ta saba. Da wannan ta roƙe shi.

"Baba, don Allah in dole ne a dinga rage reshe-reshe. Su saba a hankali, ni ma in samu in kafa rumfa."

Baba ya daɗe yana kallonta. "Shukar kike nema wa lokaci ko kanki?"

"Mu duka, Baba."

Yaya ya yi dariya ya ce shi kenan an ji, reshe-reshe, kar ki yi mana kuka a gaban masu saye. Ta yarda wallahi. Har ta fara tara tsofaffin buhuna tana ɗinkewa da basilla, ta roƙi mai katako na gaba da su ya aje mata 'yan sanduna. Buhunan ko rabi ba su kai ba.

Akwai ranar da take zuwa asibitin gari a duba mata fata a ba ta man shafawa, kowa a gidan ya san ranar. Da sassafe ta ba shukokinta ruwa ta lulluɓe jikinta ta tafi. Layi ya yi tsawo, ba ta dawo ba sai da rana ta take. Tun daga nesa ta ji kukan injin yankan itace, sai ta ɗaga kai, inda ta saba hango wani duhu-duhu kore babu komai sai farin sama. Ta jefar da ledar magani ta sa gudu.

Sun kayar da bishiyar gaba ɗaya. Wani reshe ya faɗa kan layin citta ya farfasa tukwane, mai inji yana tsaye a kan ledojinta da takalminsa yana gunduwa-gunduwa da gangar jikin. Sauran shukokin suna nan tsirara a rana, masu faɗin ganye sun riga sun lanƙwashe, na'a-na'a ta kwanta.

Ta fara jan tukwanen. Ina za ta kai su? Inuwa ɗaya ce ta rage a lambun, asibitin Baba. Ta ɗauki biyu ta kai ta dawo, ta ɗauki biyu ta dawo, mayafi ya zame ba ta tsaya ɗauka ba, ba ta ma gani sosai, tuntuɓe take da rassa tana tashi. Wuyanta da hannayenta suka yi jawur. Yaya yana zaune a kan gungumen yana shan ruwan leda.

"Kai mai inji, kalli, ashe tana iya rana. Lalaci ne dama."

Ta zo wucewa ta gaban benci da tukunya a ƙirji, ta tsaya tana haki.

"Baba, ka ce ba a fitar da su lokaci ɗaya."

"Wanda ake so ya rayu ake yi wa haka," in ji Baba. "Ni na ce a sare duka, mai inji ba zai yi ta zarya saboda ke ba. Wanda ya jure ya jure."

"Ni fa?"

Ya nuna bayan tanki da sandarsa. "Ga wuri can kin samu da kanki."

Washegari jikinta duk ya yi bororo, ko riga ba ta iya sawa sai zani ta ɗaura. Da ta warke ta koma. Yawancin shukokin sun ƙone, cittar da ta tsira 'yar kaɗan ce da tukunyar na'a-na'a da ta sake tohowa daga ƙasa. Yanzu a lungun take yini, kwanon yana gasa ta daga sama, ta rataya buhunan da ba ta gama ɗinkawa ba a gefe. Daga titi ba a hango wurin, matan unguwa sun ɗauka ta daina zuwa. In wata ta tambaya sai Yaya ya ce tana asibiti, ya ƙyalƙyale da dariya, ya tura mata fure. Kututturen mangwaron shi ne teburinsa yanzu.

Ta dasa wani ƙwallon mangwaro a leda ta ɓoye a bayan tanki, kullum tana ɗagawa ta ji nauyinsa. Jiya Baba ya gani ya ce wannan ɗan rana ne, me yake yi a nan, ya sa Yaya ya kai shi layin gaba. Kafin yamma wani mai mota ya saye.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, ko a samu mai sayen na'a-na'a da zai dinga zagayawa bayan tanki.