Ɓauren da Baba Ya Dasa

Babana bai taɓa ganin Bayahude da idonsa ba, amma ya san labarin Yahudawa fiye da na danginsa. Kafinta ne ɗan kudancin Kaduna, aiki ya kawo shi Katsina tun kafin a haife mu. Rumfarsa tana wajen Ƙofar 'Yandaka, rediyo rataye a ƙusa. Da an ambaci Isra'ila a labaran duniya sai ya ajiye zarto ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, har wanda ya zo ciniki.

Abin da ya riƙe shi ne wannan. Wani mai wa'azi ya koya masu a coci cewa itacen ɓauren da Almasihu ya ba da misali da shi Yahudawa ne. Ranar da suka koma ƙasarsu, ɓauren ya toho, kuma tsarar da ta ga tohon ba za ta ƙare ba sai Almasihu ya dawo, an busa ƙaho, matattu sun tashi. To, Baba a shekarar da aka kafa ƙasar Isra'ila aka haife shi. Ka ga an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Mu yara har tsokanarsa muke, mu ce Baba ya fi mala'iku sanin ranar. Sai ya yi dariya ya ce mu jira dai.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, gari ya cika da murna da hotunan 'yan siyasa, shi kuwa Baba lissafinsa daban: shekara ta dubu biyu, wadda ya sa ran a cikinta za a busa ƙahon, ta ƙarato, Yahudawa sai komawa gida suke. A daminar nan zazzaɓi ya kama yayana, ɗan fari, wanda ya gama karatun koyarwa ke nan. Kwana tara ya yi a kwance ya cika.

Al'adarmu, gida ake kai gawa. Maƙwabcinmu, wani malami Bakatsine mai a-kori-kura, ya zo gaisuwa ya durƙusa gaban Baba.

"Malam, ga mota nan, mu tahi da yaron nan gida wurin kakanninai. Ni zan tuƙa da kaina."

"Na gode, Malam," in ji Baba. "Kwana nawa zai yi a ƙasan? A nan za mu ajiye shi."

Maƙwabcin ya jinjina kai ya ce su ma Musulmi suna da alamomin tashin ƙiyama, amma sa'ar, Allah bai faɗa ma kowa ba.

Shi ya ƙera akwatin da hannunsa. Aka binne yayana a maƙabartar Kirista ta bayan gari, hanyar Batagarawa. Mama ta roƙa a sa siminti a rubuta suna, ko a kafa gicciyen katako kamar yadda Baba yake yi wa mutane. Ya ƙi. Ya ce mai sa siminti a kabari bai gaskata ranar ta kusa ba. Reshen ɓaure ya samo ya dasa wajen kan, ya ce kafin ya yi 'ya'ya za ta rungume ɗanta. Ya kuma hana ta zuwa kabarin, wai kuka a kan wanda ya kusa tashi rashin bangaskiya ne. Ta bi maganarsa, don Mama ba ta iya musu ba. Ni na iya, na yi, aka ce yarinya ce ni. Har yau ina jin haushin kaina da ban saci jiki na je na aza ko dutse ba.

Sabuwar shekara ta zo. Da safe mai ƙosai ta fito kamar kullum, muka sha koko. Baba ya ce an ɗan yi kuskuren lissafi ne, ya ƙara manne wa rediyo. Lokacin ne na soma tunanin Yahudawan nan da ba mu sani ba. Su ma suna da 'ya'yan da suke binnewa, mu kuwa mun mai da su agogon bango, in an kashe nasu a labarai sai Baba ya ce alama ce.

Damina biyu suka wuce. Mama ta rame, ta daina waƙa a zumuntar mata ta coci. Wata Asabar da hantsi na kai wa Baba abinci, na tarar yana goge gicciye da sanfefa, ya sassaƙa sunan yayana a jiki. Bai dube ni ba, ya ce in gaya wa Mama ta shirya.

Mu uku muka je. Maƙabartar ta cika, sababbin kaburbura sun shiga tsakanin tsofaffi, ruwa ya baje tudun waɗanda ba a sa wa siminti ba. Ɓauren kuwa ko kututturensa babu. Tsakanin awaki da rani, wani ya gama da shi. Tsohon da ke gadi ya rasu, sabon bai san komai ba. Baba ya saɓa gicciyen a kafaɗa yana zagaye, ya ce nan ne, ya matsa ya ce a'a, can ne, har rana ta take. Zuciyata ta karye da na ga gumi da hawaye sun haɗu a gemunsa.

Daga ƙarshe ya tsaya ya ce, "Maman yara, ki yi haƙuri. Ubangiji ya san inda yake. Ranar ƙaho ba zai ɓace masa ba."

Mama ta dube shi, karon farko ke nan da na ji ta mayar masa da magana.

"Na sani, Maigida. Ubangiji ba zai rasa shi ba. Ni ce uwarsa, ni ce na rasa inda zan durƙusa."

Muka dawo da gicciyen gida. Mama ta jingina shi a bayan ƙofar ɗakinta, kullum da safe tana share masa ƙura da bakin zanenta, har ta rasu.